Yadda Nake Auna Radiyeshin a Cikin Ƙasa da Laka

Duk ɗalibin da ya shigo ɗakin gwajinmu karon farko, idonsa kan tafi kai tsaye ga katon akwatin dalmar da na'urar jamaniyom, wadda ke ƙidaya radiyeshin, take zaune a ciki. Ni kuwa teburin baya nake kai shi, inda tanda da rariya da sikeli da gwangwanaye suke, in ce masa nan ne wurin zamansa na wata guda. Na'urar nan ƙidaya kawai ta iya. Abin da ka miƙa mata shi za ta ƙidaya, ko mai kyau ko gurɓatacce, kuma ba za ta ɗaga murya ta ce maka ka yi kuskure ba. Yawancin lambobin banza da na taɓa gani a wannan aiki, a kan teburin bayan nan aka haife su.

Ka fara sanin abin da kake nema. Babu ƙasar da ba ta fitar da radiyeshin, tun halittarta haka take. Akwai fotasiyom-40, wanda sai ya yi shekara biliyan 1.25 kafin rabinsa ya rushe. Wannan tsawon lokaci shi muke kira rabin rayuwa. Akwai yuraniyom-238 da zuriyarsa, wato sinadaran da yake rikiɗewa zuwa gare su ɗaya bayan ɗaya yayin da yake rushewa, rabin rayuwarsa shekara biliyan 4.5. Akwai toriyom-232 da tasa zuriyar, shekara biliyan 14. Sai kuma wanda ɗan Adam ya ƙara da hannunsa, siziyom-137, mai shekara 30, wanda gwajin makaman nukiliya a sararin sama ya watsa ko'ina a duniya, sannan haɗarin Chernobyl na 1986 da na Fukushima na 2011 suka ƙara a wasu yankuna. Ma'aunin duka shi ne bekaral, wato rushewar ƙwaya ɗaya a daƙiƙa ɗaya, kuma a kan kowane kilo na busasshiyar ƙasa ake faɗinsa. Rahoton kwamitin UNSCEAR na Majalisar Ɗinkin Duniya na shekarar 2000 ya ba da matsakaicin ƙasar duniya a kusan bekaral 35 na radiyom-226, 30 na toriyom-232, da 400 na fotasiyom-40. Ka riƙe waɗannan uku a ka. Ranar da lissafinka ya ba ka fotasiyom 40,000 a ƙasar gona, ka koma ka duba inda ka ɗora ɗigo.

A fili, kada ka ɗebi ƙasa a wuri ɗaya ka ce ta wakilci gona. Nakan shata murabba'i, in ɗeba a kusurwa huɗu da tsakiya, in gauraya. Zurfin da ka haƙa ka rubuta shi nan take a jikin leda da alƙalamin da ruwa ba ya gogewa, tare da kwanan wata. Zurfin yana da nauyi ƙwarai idan siziyom kake bi, domin a ƙasar da garma ba ta taɓa ba, yawancinsa yana maƙale a 'yan santimitocin sama, yumɓu ya riƙe shi gam. Wanda ya haƙa santimita 5 da wanda ya haƙa 30 a wuri guda za su kawo lambobi biyu mabambanta, kuma babu maƙaryaci a cikinsu.

Laka ta ƙarƙashin tafki ko bakin kogi ta fi son lallashi. Bututu ake kafawa a zaro ta a tsaye, a ajiye shi a tsaye, kada a girgiza, saboda saman nan mai ruwa-ruwa shi ne shekarun baya-bayan nan. Sai a riƙa turo ta daga ƙasa ana yankawa santimita ɗai-ɗai ko bibbiyu, ana kankare gefen kowane yanki a zubar, domin bangon bututu yakan jawo lakar sama ya shafa wa ta ƙasa. Kowane yanki ka auna nauyinsa da danshinsa, ka sake aunawa bayan ya bushe. Za ka nemi waɗannan lambobi biyu daga baya, kuma a lokacin babu yadda za ka dawo da su.

Busarwa a tanda ce, digiri 105 na salshiyas, har sai ka auna sau biyu a jere nauyi bai sauya ba. Kwana ɗaya yakan ishi yashi, yumɓu yakan ci biyu ko fiye. Idan akwai niyyar auna foloniyom daga baya, wani sinadari daga zuriyar yuraniyom, ka ware wani kaso ka busar da shi a zafi ƙasa da haka ko a injin busarwa na daskarewa, domin foloniyom ba ya jure zafi, tashi yake. Bayan bushewa ka tsince tsakuwa da saiwoyi, ka murƙushe, ka tankaɗe da rariya mai ido milimita 2, ka juya sosai har launin ya zama ɗaya. Tsakanin samfuri da samfuri a wanke turmi da rariya a busar. Wannan wanki yana cin rai, na sani, amma ɗan burbushin ƙasar wurin haƙar ma'adinai da ya maƙale a idon rariya ya isa ya ɓata samfuri goma masu zuwa.

Yanzu mun zo inda nake so ka zauna ka saurara.

Na'urarmu gamma take ƙidayawa, wato haske mai ratsa abu wanda ido ba ya gani. Radiyom-226, ɗan zuriyar yuraniyom, ba shi da hasken gamma mai tsabta da za a dogara da shi, saboda haka ta jikokinsa muke auna shi, dalma-214 da bismut-214. Tsakanin kakan da jikokin nan akwai radon-222, shi kuma iska ne. Duk daka da tankaɗen da ka yi sun buɗe masa ƙofa, wani kaso ya fice. A ƙasa mai laushi yakan kai ɗaya cikin biyar. Jikokin 'yan mintoci kawai suke rayuwa, don haka da radon ya tafi su ma sun ragu. Maganin shi ne ka zuba ƙasar a gwangwani, ka toshe shi yadda iska ba za ta fita ba, ka jira zuriyar ta sake cika. Rabin rayuwar radon kwana 3.82 ne. Bayan mako guda, kusan kashi 72 cikin ɗari na giɓin ya cike. Bayan rabin rayuwa bakwai, wato kwana 27, an haura kashi 99. Daga nan mako huɗun da kake ji ana faɗa ya samo asali, kuma babu wayon da zai gajarta shi.

Toshewar ma tana da sharuɗɗa biyu. Na ɗaya, ka cika gwangwanin maƙil. Idan ka bar sarari a sama, radon zai taru can, jikokinsa su manne a murfi nesa da na'ura, ƙidaya ta ragu. Na biyu, ka san cewa radon yana ratsa roba mai laushi da yawancin salatif. Wata shekara na shirya samfuri fiye da ashirin a gwangwanayen roba, na naɗe bakinsu da salatif, na jira kwana talatin cur. Da na zo aunawa, samfurin gwaji da na san adadin radiyom ɗinsa ya fito ƙasa da yadda ya kamata, fotasiyom da toriyom kuwa daidai. Kwana uku ina zargin na'ura kafin in gane murfin ne yake numfashi. Na sake zubawa, na liƙe da gam mai ƙarfi irin na ifoksi, na sake jiran wata guda. Tun ranar, duk sabon nau'in gwangwani da ya shigo hannuna sai na gwada shi da samfurin da aka san ƙarfinsa kafin in amince masa. Gwangwanin alminiyom ko leda mai shafen alminiyom da aka liƙe da zafi sun fi kwantar mini da hankali.

Siffar gwangwani ta danganta da yawan ƙasar da kake da ita. Idan tana da yawa, akwai kofin Marinelli, wanda gindinsa ke da rami yana hawa kan na'urar kamar hula, ya kewaye ta. Yakan ci rabin lita ko lita ɗaya. Yankin laka kuwa sau da yawa giram biyu ne ko biyar, sai na'ura mai rijiya a tsakiya, wadda ake zura ɗan bututun samfuri a cikinta.

Yayin da gwangwanayenka suke jira a kan kanta, ka koma ga na'urar. Zuciyarta dunƙulen jamaniyom ne mai tsananin tsabta, wanda ba ya aiki sai an sanyaya shi da ruwan naitirojin, digiri 196 ƙasa da sifiri, ko da injin sanyaya na lantarki. Idan naitirojin ya ƙare ta fara ɗumi, a kashe babbar wutar lantarkin da ke shiga cikinta nan da nan, a bar ta ta koma ɗumin ɗaki gaba ɗaya, a sake cikawa, a jira awanni kafin a mayar da wuta. Dalilin ɗaukar duk wannan wahala shi ne kaifin idonta. Kowane sinadari yana fitar da gamma mai kuzari na musamman, ana auna shi da ma'aunin kuzari da ake kira keV, kuma a allon kwamfuta yakan fito kamar tozo a kan layi. A na'urar jamaniyom mai lafiya, faɗin tozon kobal-60 na 1332 bai wuce keV 2 ba. A na'urar sodiyom ayodaid, wadda ta fi araha kuma ba ta buƙatar sanyi, tozon siziyom na 662 yakan yi faɗin keV 45 ko fiye, ya haɗe da na bismut na 609 su zama tudu ɗaya. Tana da amfaninta a fili. A ɗakin gwaji, idan ana son rarrabewa, jamaniyom ce.

Akwatin dalmar kaurinsa santimita 10 ne, an shimfiɗa masa kuza da tagulla daga ciki don su shanye hasken da ita dalmar kanta take fitarwa tsakanin keV 72 da 87. Duk da haka ba ya yin shiru. Bangon ɗaki yana da fotasiyom, iskar ɗaki tana da radon, sama tana aiko da nata. Saboda haka kafin samfuri ko ɗaya ya hau, ka ɗora gwangwani irin naka, wayam ko cike da tataccen ruwa, ka ƙidaya kwana biyu ko uku. Wannan ita ce hayaniyar gida, wadda za ka riƙa cirewa daga kowace ƙidaya. Ka maimaita ta a kai a kai, domin radon na ɗaki yana hawa yana sauka da yanayi da buɗe taga. Wata dabara da ba ta cin kobo: tururin naitirojin da ke fita daga tulu, ka ja shi da siririn tiyo zuwa cikin akwatin, zai riƙa korar radon waje.

Saiti iri biyu ne. Na kuzari mai sauƙi ne: ka ɗora majiyoyin da aka sani, wato sinadaran da aka san kuzarin haskensu, amerisiyom-241 a 59.5, siziyom-137 a 661.7, kobal-60 a 1173.2 da 1332.5, ka koya wa kwamfuta wane gurbi ne wane kuzari. Na biyun shi ne mai wuya, wato sanin cikin kowane haske ɗari da samfuri ya fitar, nawa na'urar take kamawa a kowane kuzari. Wannan kaso yana sauyawa da siffar gwangwani, da tsayin ƙasar da ke ciki, da nauyinta. Don haka dole ma'aunin da za ka yi saiti da shi ya zauna a gwangwani iri ɗaya, a cika shi zuwa layi ɗaya. Hukumar Makamashin Nukiliya ta Duniya, IAEA, tana da gari iri uku da aka yi don wannan: RGU-1 na yuraniyom, RGTh-1 na toriyom, RGK-1 na fotasiyom. Alfanunsu shi ne tozon da za ka auna a samfuri shi ne dai tozon da ke cikin ma'auni, sai kurakurai da yawa su kashe juna.

Ranar aunawa, ka goge gwangwani, ka sa shi a siririyar leda don kada ƙura ta taɓa kan na'ura, ka zaunar da shi a tsakiya daidai. Ƙasar gona ta yau da kullum nakan ba ta awa 24. Ƙa'idar ita ce, rashin tabbas na ƙidaya yana tafiya da tushen murabba'in adadin: ƙidaya 100 tana da kuskuren kashi 10 cikin ɗari, 10,000 tana da kashi 1. Idan kana son rage kuskure da rabi, lokaci sau huɗu za ka biya.

Fotasiyom yana tsaye shi kaɗai a 1460.8, sai dai a ƙasa mai yawan toriyom akwai ɗan layin aktiniyom-228 a 1459 da yake laɓewa a ƙarƙashinsa, a cire shi. Radiyom-226 ka ɗauke shi daga dalma-214 a 295.2 da 351.9, da bismut-214 a 609.3, 1120.3 da 1764.5. Idan waɗannan biyar ba su ba ka amsa kusa da juna ba, akwai matsala a saitinka. Zuriyar toriyom kuwa aktiniyom-228 a 911.2, dalma-212 a 238.6, da taliyom-208 a 583.2, shi taliyom ka tuna kashi 36 ne kawai na rushewar yake bi ta kansa, mantuwa da wannan tana rage amsa kusan sau uku.

Akwai tozo a 186 mai jan hankalin sabon shiga, domin radiyom-226 da kansa yana da layi a 186.2, ba sai an jira wata guda ba. Amma yuraniyom-235 yana da nasa a 185.7, kuma babu na'urar jamaniyom da za ta raba su. Idan zuriyar yuraniyom tana cikin daidaito, wato radiyom-226 da yuraniyom-238 suna da bekaral daidai da juna, kusan kashi 57 ne na tozon yake na radiyom. Matsalar ita ce daidaiton nan shi ne abin da ba ka sani ba tukuna.

Wannan ya kawo ni ga abin da ya fi ɓata mini rai a rahotannin da nake karantawa: a auna bismut-214 a rubuta shi da sunan yuraniyom-238. Tsakaninsu akwai matakai masu rayuwar dubban shekaru, kuma ruwa yana wanke yuraniyom ya bar radiyom, ko ya kwaso shi ya jibge a laka mai ruɓaɓɓen ganye. Abin da bismut ya gaya maka radiyom ne, ka kira shi da sunansa. Idan yuraniyom kake so, ka nemi toriyom-234 a 63.3 ko furotaktiniyom-234m a 1001, ka yarda cewa layukan raunana ne, ko ka tafi hanyar narkar da ƙasar da asid.

Lissafin kansa gajere ne. Ƙidayar tozo bayan cire hayaniyar gida, a raba ta da abu huɗu da aka ninka: kason kamawa, kason rushewar da ke fitar da wannan haske, daƙiƙoƙi, da nauyi a kilo. A ce ka sami 12,000 a tozon fotasiyom cikin daƙiƙa 86,400, kason kamawa 0.012, kason fitarwa 0.1066, nauyi rabin kilo. Ninkin huɗun ya ba da 55.3, amsa kusan bekaral 217 a kilo. Ga sinadarai masu gajeren rai, irin beriliyom-7 mai kwana 53, sai a mayar da lissafi zuwa ranar da aka ɗebi samfurin.

Gyara biyu ne manhaja ba ta yi maka sai ka nema. Bismut-214 da taliyom-208 suna sakin haske biyu a lokaci guda. Idan samfuri yana manne da na'ura, takan kama biyun ta ɗauka ɗaya ne, sai tozon 609 ko 583 ya rame. Na biyu, haske mai ƙaramin kuzari kamar na dalma-210 a 46.5, ƙasar kanta tana haɗiye shi kafin ya fito. Lakar da ke da ƙarfe da wadda ke da ganye ba sa haɗiya daidai. Ana gyarawa ta hanyar haska wata majiya ta cikin samfurin da ta cikin ma'auni, a kwatanta abin da ya ratsa.

Idan ba ka ga tozo ba, kada ka rubuta sifiri. Lloyd Currie ya shimfiɗa ƙa'idar a 1968: mafi ƙarancin ƙidayar da za ka iya ganowa ita ce 2.71 a tara da 4.65 sau tushen murabba'in hayaniyar da ke wurin. Ka mayar da ita bekaral, ka rubuta cewa abin yana ƙasa da kaza.

A wurin laka ne wannan aiki yake biyan mai yinsa. Radon da ya tsere sama yana rikiɗa dalma-210, ruwan sama ya sauko da ita, ta kwanta a kan laka. Ka auna dukan dalma-210 a kowane yanki, ka cire wadda radiyom na cikin lakar ya haifa, abin da ya rage shi ne rarar da ta faɗo daga sama, kuma tana raguwa da rabi duk shekara 22. Da nauyin busasshen yankin da na ce ka ajiye, za ka iya lissafa shekarun kowane santimita har kusan ƙarni ɗaya ko ɗaya da rabi. Hanyar da Appleby da Oldfield suka fitar a 1978 ita aka fi bi. Siziyom shi ne shaida: inda ya fi yawa a zurfi yakan dace da 1963, shekarar da saukar ƙurar gwajin makamai ta kai ƙololuwa kuma aka sa hannu a yarjejeniyar hana gwaji a sama. Idan agogon dalma ya ce 1963 a santimita 18, siziyom ma ya yi tozo a nan, ranar nakan koma gida da farin ciki.

Wasu sinadaran gamma ba ta ganinsu. Foloniyom-210 da fulutoniyom wani nau'in radiyeshin da ake kira alfa suke fitarwa, wadda takarda ɗaya take tarewa, don haka sai an narkar da ƙasar da asid an ware su. Kafin ɗigon asid na farko, ka zuba ɗan rakiya: adadin da ka sani na ɗan'uwan sinadarin da babu shi a samfuri, foloniyom-209 ga foloniyom, fulutoniyom-242 ga fulutoniyom. Duk abin da ya salwanta a hanya, tare za su salwanta, kuma abin da ya iso na ɗan rakiyar shi zai gaya maka kason da ka rasa. Foloniyom yana da kirki, da kansa yake mannewa a faifan azurfa cikin asid mai ɗumi idan an sa asid na askobik ya kwantar da ƙarfe. Fulutoniyom sai an bi da shi ta bututun resin. Istirontiyom-90 wani nau'in da ake kira beta kawai yake fitarwa, a ware shi a ƙidaya a ruwa mai walƙiya, sau da yawa ta ɗansa itiriyom-90 mai awa 64. Yuraniyom da toriyom kuwa, injin auna nauyin ƙwayoyi na ICP-MS yana gama su cikin mintoci. Miligiram ɗaya na yuraniyom a kilo daidai yake da bekaral 12.35 na yuraniyom-238, na toriyom 4.06. A nan ma sai narkarwa ta cika, domin ƙwayoyin zirkon ba sa jin asid na yau da kullum, kuma yuraniyom yana ɓoye a cikinsu. Asid na haidirofuloric da ake narkar da su da shi yana ratsa fata ya kai ƙashi. Ba a taɓa shi sai a akwatin jan hayaƙi, da safar hannu, da man kalsiyom gulukonet a kusa, da wani mutum a ɗakin.

A kowane zubi na samfuri goma nakan saka ɗaya wanda aka san amsarsa, da ɗaya da na raba biyu na ba su lamba daban. A rahoto, kowace lamba tana tafiya da rashin tabbas ɗinta, da ranar da aka mayar da lissafi, da layin da aka yi amfani da shi, da kwanakin da gwangwani ya yi a toshe. Gwangwanin kuma ba na buɗe shi bayan aunawa. Yana komawa kan kanta da lambarsa, domin gamma ba ta cinye samfuri, kuma idan tambaya ta taso bayan shekara biyu, sai in sauko da shi in sake ɗorawa.